Azumin da Muka Kwashe Bola

Ran Talatar nan da ta wuce ruwa ya tare ni a Nasarawa GRA. Na fito daga wani gida inda har yanzu suke haƙuri da ni ina aske musu shukoki, sai gabas ta haɗe, iska ta fara kaɗa darbejiya, kafin in kai bakin titi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na ruga da irin gudun da ya rage mini, wanda in yaro ya gani zai ce tafiya ce, na raɓe ƙarƙashin rumfar wani get mai shuɗin fenti. Mai gadin ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in fake amma kada in jingina da bango, domin nan Gidan Tela ne, ma'aikatan banki da na asibiti ne ke haya a ciki. Na tambaye shi wane tela. Ya ce shi ma haka ya tarar ana faɗa.

Ban gaya masa cewa kwatar da ruwa ke bi a gabansa har da gumina a cikinta ba. Ko na faɗa ba zai yarda ba, don duk wanda ya dube ni ya san ni da gumi ba mu cika haɗuwa ba.

Sunana Ɗanjuma. Makaranta na yi ta, amma na fi sanin tagar ajin a kan allon, shi ya sa in kun ga rubutun nan yana ɗingishi ku yi masa uzuri, ya gaji ubansa ne. Aikina tun ina saurayi ban ruwan fulawa a gidajen manya. A wannan gida mai shuɗin get na yi rabin rayuwata, lokacin da babu get, babu fenti, kuma ba a kiransa Gidan Tela. Gidan Bola ake ce masa.

Asalinsa ɗakunan ma'aikata ne a bayan wani tsohon gida na zamanin Turawa. Mai gidan ya rasu, magada suka warwatsu, wasu Abuja wasu Kaduna, suka bar wakili. Wakilin ya dinga liƙa ɗaki a jikin ɗaki yana zuba mu a ciki: masu wanki da guga, direbobi, kuku, mai shayi, da irina. Duk wanda ke yi wa manyan gidaje hidima kuma ba ya son nisa, nan yake faɗowa. Wakilin ba ma ganinsa sai ranar karɓa. In ka ce masa rufi na yoyo, sai ya ce ai ruwa albarka ne.

A ƙofar gidan akwai fili, kuma filin ne ya zama bola. Ba duka sharar ce tamu ba. Mu ina muka ga gwangwanin madara da kwalin kaza? Yaran manyan gidaje ne ke lallaɓowa su juye, mu kuma muka ga tunda an riga an fara, bari mu taimaka. Haka ta taru har ta fi tsawon mutum, ta toshe hanyar ruwa. A can ƙarshen gida kuma akwai wani ɗaki marar ƙyaure inda samarin da ba 'yan gidan ba suke taruwa suna busa abin da suke busawa. To sai suna ya bi mu. Batirin mota ya ɓace a layi, mu ne. An tsallaka katangar wani, mu ne. Mai neman auren 'yar gidan in ya zo sau ɗaya ya ga ƙofa, sai dai a ji labarinsa a Tudun Wada. Ni kaina in an tambaye ni inda nake zaune, sai in ce GRA, in yi tari, in canja magana.

A farkon daminar shekarar da nake ba ku labari Sabo mai shayi ya rasu. Mutum ne da babu mai gadi ko direba a layin nan da bai sha shayinsa ba. Aka yi masa wanka, aka fito da makara, sai aka rasa inda za a ajiye ta. An yi ruwa da safe, bola ta jiƙe, wani baƙin ruwa na tsiyaya daga gindinta ya malale ƙofar gida. Liman ya zo daga masallacin layi tare da wasu alhazai. Alhazan suka tsaya nesa suna toshe hanci da bakin riga. Liman ya ce ƙasar nan da najasa, ba a tsayawa a kanta, kuma gaskiyarsa. Kafin mu ja makarar zuwa kan kwalta, wannan ya ce zai tarar da mu a maƙabarta, wancan wayarsa ta yi ƙara. Muka yi wa Sabo salla a gefen titi, motoci na yi mana oda. Ni da ba na wuce sahun baya, don kullum a makare nake zuwa kuma ina son in riga kowa fita, ranar a sahun gaba na tsaya. Babu wani sahun sai shi.

Da muka dawo daga maƙabarta, Malam Hadi tela ya riƙe hannuna a soro. Shi ne wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, ɗakinsa na jikin nawa, mutum ne dogo marar yawan magana, kuma shi kaɗai ne ke iya yi mini faɗa in ji kunya. Na lura tun kwanaki idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, ƙafafunsa sun daina shiga takalmi. Ya ce mini an gaya masa a asibiti hantarsa ce, kuma daga yadda likitan ya dinga kallon tebur ya gane sauran.

Na fara abin da na saba, na ce ai shi sai ya ɗinka mini likkafani tukuna. Bai yi dariya ba.

"Ɗanjuma, ba mutuwar nake tsoro ba," in ji shi. "Irin fitar Sabo nake tsoro. Ba na so a yi mini salla ana mini oda."

Na raka shi har ƙofar ɗakinsa.

Azumin shekarar a tsakiyar damina ya faɗo, lokacin marka. Wanda bai yi azumi a marka cikin gidan da ke yoyo ba, bai san wani irin abu ba. Babu ƙishirwar bazara, wannan kam Allah ya sauƙaƙa. Amma yini dogo ne, kuma yunwar sanyi daban take, ba ta ihu, zama take yi a ciki ta yi shiru kamar baƙon da ba shi da niyyar tafiya. Tsohon hatsi ya ƙare a kasuwa, sabo bai shigo ba, kwanon gero ya yi tsadar da mata ke dawowa da rabin abin da suka je saye. Gawayi a jiƙe, itace a jiƙe, hayaƙi ya cika tsakar gida ya rasa hanyar fita, kowace mace idonta jawur tun kafin La'asar. Katifa ba ta bushewa. Kayan da aka shanya sai su yi kwana da kwanaki suna warin damshi. A ɗakina robar wanka da tukunya da bokiti duk suna bakin aiki ƙarƙashin yoyo, kowanne da irin sautinsa. Kwaɗi na ta nasu a bayan gida, sauro kuwa ko azumi ba ya yi. Ga masu gasa sabuwar masara a bakin titi, ƙanshin na biyo iska ya same ka da rana tsaka, ba ka yi wa kowa laifi ba.

A ranar farko ta azumi, bayan sallar Asuba, muka ji ƙarar shebur a ƙofar gida. Malam Hadi ne, da kumburarrun ƙafafunsa cikin wani tsohon silifas da ya yanke wa baki, yana ɗibar bola yana zubawa a baro. Bai kira kowa ba. Ya ɗiba, ya tsaya ya dafa ƙugu, ya sake ɗiba. Muka tsaya a soro muna kallo kamar masu kallon wasa. Wadda ta fara fita ita ce Malama Rifkatu, malamar firamare ce daga wajen Zariya, Kirista, tana zaune da 'ya'yanta a ɗakin kusa da rijiya. Ta ɗaure zani, ta karɓe shebur ɗin daga hannunsa, sannan ta juyo ta dube mu. Ta ce ita dai ta san Kanawa da son kuɗi, ba ta san su da tsoron shara ba. Na ce mata ai Bazazzagi da bola 'yan uwa ne, shi ya sa ba ta ƙyama. Ta miƙo mini shebur ta ce to zo ka raba mu.

Haka gayyar ta fara. Kullum daga Asuba zuwa hantsi, kafin masu aiki su tafi gidajen iyayen gidansu. Maza na sara da diga suna lodi, ana tura baro zuwa bakin babban titi inda motar shara ke tsayawa, mata na bi da tsintsiya. Abin da ke cikin bolar nan ba na faɗa ba ne ga mai azumi. In ka sara, wani tururi ne ke tasowa mai ɗumi, sai ka ji abin da ka ci da sahur yana neman hanyar dawowa. Muka tono takalma, muka tono kan 'yar tsana, muka tono ledar da ta girmi wasu daga cikin yaran gidan. Ni aka ba ni baro, na gano cewa in ka ɗora shara a gaba-gaba yana kama da cikakke alhali rabi ne. Malama ta gano ni a rana ta biyu.

Da bola ta tafi sai ga ƙasa, baƙa, mai laushi, ba wanda ya taɓa ganinta a cikinmu sai Malam Hadi. Muka haƙa kwata daga tsakar gida har ta haɗu da babbar kwalbatin titi. Ruwan da ya shekara yana kwance ya kama hanya, muka tsaya muna kallonsa yana tafiya kamar mun raka baƙo tasha. Wani direba ya roƙo mana ragowar yashi daga inda ake gini, muka baza a filin. Muka haɗa hannu aka kira masu kwashe masai. Muka shafe bangon waje da farar ƙasa, da yamma ruwa ya zo ya wanke ta tas, ta gangara cikin sabuwar kwatarmu fara sol. Malam Hadi ya ce ba komai, ko ba komai mun ga kwatar na aiki. Muka jira ranar da rana ta leƙo muka sake.

Sai dai shara ba ta san an kore ta ba. Kowace safiya sai mu tarar da sabon tsibi, don yaran manyan gidaje ƙafarsu ta saba. Aka ce in zauna a benci in yi gadi, aikin da ya dace da ni, amma ni ma ina da gidajen da nake yi wa ban ruwa, ko da yake a marka ban ruwan suna ne kawai. Malam Hadi ne ya kawo dabara. Ya sa muka kwaso duwatsu muka jera su a filin, muka fitar da ɗan lungu ta gabas inda liman zai tsaya, muka shafa musu farar ƙasa. Muka fara yin Magariba a wurin, muna shimfiɗa tabarma mu sha ruwa tare. Daga ranar ko ɓawon lemo ba a sake yarwa ba. Yaro zai zo da kwandon shara, ya ga duwatsu sun fuskanci alƙibla, ya juya.

Ɗakin samarin nan kuwa, wasu suka ce a kira 'yan sanda. Malam Hadi ya ce 'yan sanda sun san hanyar gidan nan fiye da kima, kada a ƙara musu. Ya sa muka ɗauki keken ɗinkinsa muka kai cikin ɗakin, muka ajiye a jikin bango. Samarin suka zo da rana suka tarar da dattijo yana taka keke yana ɗinkin kayan Sallah. Ya amsa musu gaisuwar da ba su yi ba, ya ce wa ɗaya ya miƙo masa almakashi. Suka yi tsaye-tsaye, suka fice. Suka dawo washegari, suka same shi. Ba a yi mako ba suka nemi wani wurin. Bangon da keken ke jingine da shi kuwa, shi ne katangar Hajiya Mairo.

Hajiya Mairo ita ce babbar layin. Tsohuwa ce mai dukiya, ɗanta ne ke riƙe da al'amuran masallaci, kuma abin da gidanta ya yi shi sauran gidaje ke yi. Ba marowaciya ba ce. Duk azumi, kafin Magariba, ana fito da abincin sadaka daga gidanta a ƙulle cikin leda, mai gadi ya miƙo mana ta saman get. Muna karɓa muna godiya, kuma Allah ya sani ledar nan ta rufa wa gidaje da yawa asiri a wannan shekara. Amma Malam Hadi ya ce leda ta mabuƙaci ce, ba ta dawowa, ba a jiran komai daga wanda aka ba. Maƙwabci da kwano ake aika masa, ya juye, ya zuba nasa ya mayar. Ya ce mutumin da kwanonsa ke shiga gidanka naka na shiga nasa, ranar da aka fito da kai zai ji nauyin zama a ɗaki. Don haka mu ne za mu fara aikawa.

Nan fa aka yi ta gunaguni, kuma muryata na ciki. Mu da ke raba ƙosai biyu-biyu, mu ne za mu ciyar da gidan da karensu ke cin nama? Asabe matar Malam Hadi ma ta ce masa, Malam, ko dai ciwon ne. Ya ce ba dole, shi zai ba da tsakin masararsa. Sai mata suka ji kunya, wannan ta kawo ɗan manja, waccan ta tsinko yakuwa da alayyafo a bayan gida. Malama Rifkatu ce ke dafawa, faten tsaki irin nasu na Zariya, kuma ita ce mai ɗanɗana gishirin duk tukwanen gidan tunda ba ta azumi. Na nemi a ba ni mataimakin wannan muƙami, aka ce in bari sai na canja addini.

Ni aka ɗora wa kai kwanon, saboda na san masu gadin layin kaf. A cikin birni inda muka taso, yaro ne zai ɗauki kwano ya yi sallama ya shige har gaban uwar gida. Ba wanda ya tuna a cikinmu cewa nan akwai get. Na kai, na ƙwanƙwasa, na miƙa wa mai gadi na ce ga shi daga gidanmu. Ya karɓa da hannu biyu yana ta sa albarka. Washegari ya ba ni kwanon a wanke, wayam. Na kawo, Malam Hadi ya buɗe murfi, ya rufe, ya ce a sake zubawa. Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki, yara na kallon faten nan yana fita daga gida suna haɗiyar yawu. Sai wata rana mai gadin ya ja ni gefe, ya ce Ɗanjuma, ba raini ba, amma na jiya yaji bai ji ba.

Ashe duk kwanakin nan shi muke yi wa hidima. Ya ɗauka zumuncina da shi ne ya motsa. Da na kawo labari tsakar gida aka yi dariya har da masu riƙe ciki, Malam Hadi ma ya yi, dariyar ta juye masa tari, Asabe ta riƙe shi. Wannan ce dariyarsa ta ƙarshe da na ji.

Daga nan Malama ta karɓi aikin. Ta yafa mayafi, ta ce wa mai gadi wurin Hajiya ta zo, ta shige har falo. Ta ce Hajiya ta karɓe ta da mutunci, ta tambayi daga ina, da ta ji sunan gidan sai ta sake duban kwanon, sannan ta ce an gode. Kwano ya dawo a wanke, da tukuici a kan murfi. Na ce to ai shi ke nan, an amsa. Malam Hadi ya ce tukuici na ɗan aike ne, gidan ba a ce masa komai ba tukuna. Da yamma leda ta zo kamar kullum. Wasu suka ce a mayar da ita don zuciya. Ya ce kul, yara na jin yunwa, a karɓa a gode, gobe kuma a kai kwano.

Da aka shiga goman ƙarshe jikinsa ya ƙi. Tun tsakiyar wata ya ajiye azumi bisa dole, amma ko ruwan kunu ba ya zama. Cikinsa ya kumbura, fuskarsa ta zube. Ya daina iya taka keke, muka rarraba ɗinkunan mutane ga wasu teloli a Giginyu, muka dawo da shi ɗakinsa. Daga kan tabarma yake tambaya ko an share filin, ko ruwa bai kwashe duwatsun ba, ko an kai kwano. Kullum Malama ta dawo sai ya dubi hannunta. Ita kuma ta koyi shigowa da kwanon a bayan mayafi. Marka ta ƙi ɗagawa, kwana da kwanaki ba mu ga rana ba. Ina zama kusa da shi ina ba shi labaran ƙarya na gidajen da nake aiki, yana lumshe ido, ban sani ba ko yana ji.

Wata rana Malama ta dawo ta ce Hajiya ta yi mata wata tambaya. Wai tun farkon azumi tana jin keken ɗinki ta bayan katangarta, a daidai inda a da take jin ashar da warin hayaƙi, har ta saba, tana lazimi tana jinsa. To kwana biyu ta ji shiru, ko lafiya? Malama ta ce ta gaya mata mai keken ne ba lafiya, kuma shi ne ya kwashe bola, shi ne mai aiko da fate.

Washegari, ana saura kaɗan a sha ruwa, ana yayyafi, muna shimfiɗa tabarma a soro don fili ya jiƙe, sai ga 'yar aikin Hajiya da lema. Ba ta tsaya a ƙofa ba. Ta yi sallama ta shiga har tsakar gida, ta tambayi ɗakin mai keke. A hannunta kwano ne mai murfi, fari mai zanen fure, an naɗe shi da tawul. Ta durƙusa ta ce Hajiya na gai da Malam, tana yi masa sannu, ga farfesu ba yaji, kuma ba gaggawa, a mayar da kwanon duk sanda aka samu hali.

Malam Hadi ya buɗe ido. Ya tambayi Asabe, a hankali, "Namu ne ya dawo?"

"Ba namu ba ne, Malam. Nata ne."

Ya ce a ɗora masa. Aka ɗora masa a kan ƙirji, ya rungume shi da hannu biyu yana jin ɗuminsa. Bai iya shan ko cokali ɗaya ba. Ya daɗe a haka, har aka kira salla. Sannan ya ce wa Asabe kada a kuskura a mayar da shi wayam. Ya ce naman kuma a ba Ɗanjuma, tun ɗazu yake jin ƙarar maƙogwaronsa. Aka ba ni. Ni da ban taɓa yi wa nama gardama ba, ranar sai na miƙa wa yara.

Da hantsi washegari ya cika.

Ban iya zama a gidan ba. Na bi masu haƙa zuwa maƙabarta, na karɓi diga, na yi aikin da ban taɓa yin irinsa ba kuma ban sake ba. Ƙasa a jiƙe, tana manne wa shebur, ga azumi. An ce bayan Azahar za a yi salla. Kafin mu gama mu dawo lokaci ya ƙure, na taho ina sauri da taɓo har gwiwa, ina faɗa a raina ko yau ma sai na makara, ga shi ana buƙatar kowane mutum guda.

Da na karyo kwanar layinmu sai na tsaya. Lema ce ta fara yi mini yawa a ido. Ba zan ce duk unguwa ta fito ba, akwai waɗanda daga cikin mota suka ɗaga hannu suka wuce. Amma ga makara a kan yashi, a gaban fararen duwatsun nan, ga liman, ga ɗan Hajiya a bayansa ya tuɓe takalmi ya taka ƙasarmu da safa. Ga alhazan da suka toshe hanci ranar Sabo. Ga direbobi da masu gadi, har da mai cin fate yana share ido. Ga biyu daga cikin samarin ɗakin baya, sun sanya hula. Daga baya aka gaya mini cewa da liman ya yi sanarwa a masallaci, bai ce wani ɗan Gidan Bola ba, cewa ya yi maƙwabcinmu Malam Hadi tela. Malama Rifkatu na tsaye a bakin soro ta riƙe Asabe.

Na nemi inda zan kutsa, babu. Sahu ya cika, na bayansa ya cika, na bayansa ma haka. Na tsaya can ƙarshe, a bakin kwatar da muka haƙa, dugadugaina na leƙa ruwa. Liman ya yi kabbara. Ba mota ɗaya da ta yi oda.

Kafin Magariba Malama ta cika farin kwanon da fate ta mayar.

Sauran labarin gajere ne. Kwano ya ci gaba da kai da komo, har wasu gidajen suka shigo ciki. 'Yan sanda suka manta hanya. Aka ɗaura auren 'yan mata a filin nan. Mutane suka fara cewa gidan telan nan da ya rasu, har ya koma Gidan Tela. Wakili ya zo karɓa ya ga bango fari, ya ga masu neman ɗaki da takalma masu ƙyalli, ya kira magada. Aka yi gyara na gaske, aka haɗe ɗakuna, aka sa get, haya ta tashi ta bar mu a ƙasa. Ba wanda ya kore mu. Ɗaya bayan ɗaya muka ɗaure katifa. Asabe ta koma wurin danginta, Malama ta yi ritaya ta tafi gida Zariya, Hajiya Mairo ta rasu, ni ina wani ɗaki a bayan Badawa inda robar wanka da tukunya suka koma bakin aikinsu. Filin an shafe shi da siminti, motoci ke kwana a kai. Duwatsun ban san inda aka kai su ba.

Duk wannan ya dawo mini ina raɓe a rumfar get ɗin ran Talata. Da ruwan ya fara tsagaitawa sai na fita daga rumfar, na taka zuwa bakin kwata, daidai inda na tsaya a waccan rana, na juya gabas na yi wa Malam Hadi addu'a, na haɗa da Sabo. Mai gadin ya sake leƙowa, ina jin tausayi ne ya kama shi.

"Baba, ka matso gaba mana, ruwa na dukanka."

Na ce masa ya bar ni a nan, nan ne wurina. Gaba a cike take.